Barcin Gidan Likita Ba Ƙanen Mutuwa Ba Ne



A rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci da muka yi a ranin da ya wuce, mun isa wani ƙauye, muka tarar da gurbin wani ɗalibi babu kowa. Magidanci ne mai ƴaƴa shida, mai ƙwazo, wanda ya riga kowa a ajin iya rubuta sunansa. Muka tambaya, aka ce mana Allah ya yi masa rasuwa da kaka. Ya shekara biyar yana fama da gwaiwa, wadda wasu ke kira ƙaba. Sau biyu majo yana rubuta masa takarda ya tafi babban gari a yi masa aiki. Sau biyu yana ninke takardar ya sa aljihu. Kuɗin tafiya ba su gagare shi ba, domin yana da awaki da rumbu. Abin da yake faɗa wa abokansa shi ne: "In suka sa ni barci, wa ya san ko zan farka?" Wata rana yana ɗaukar dami, hanji ya maƙale cikin gwaiwar. Ya kwana biyu a ɗaka yana amai. Kafin amalanke ta kai shi bakin titi, rai ya yi halinsa.

Kowa da kwanansa, wannan babu musu. Amma Allah da ya saukar da cuta shi ya ba bayinsa ilimin magani. Ra'ayinmu shi ne: tsoron maganin barci yana kashe mutanenmu fiye da maganin barcin kansa. Tsoron nan kuwa rashin sani ne ya haife shi. Saboda haka bari mu warware abin, kowa ya ga abin da ke ciki.

Yadda ake kafin a samo shi

Duk wanda ya taɓa zama gaban maɗori ana jan karyayyen hannunsa ya san zafi. Duk wanda ya riƙe yaro ana yi masa kaciya ya san kuka. To, shekaru ɗari biyu da suka wuce haka ake fiɗa ko a ƙasashen Turai. Ƙarti ke danne majinyaci, likita ya yanka cikin gaggawa, mutum yana ihu idonsa biyu. Gwanin likita a lokacin shi ne wanda ya fi kowa sauri. Buɗe ciki a gyara hanji kuwa, kusan babu mai kusantarsa.

Ranar 16 ga watan Oktoba na 1846, a wani gidan likita na birnin Boston a Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya ba wani majinyaci tururin wani ruwa mai suna eta ya shaƙa. Mutumin ya yi barci, aka yanke masa wani ƙulli a wuya, ya farka bai ji zafin wuƙa ba. Cikin ƴan watanni labari ya ƙetare teku. A 1847 wani likitan mata a birnin Edinbara, James Simpson, ya fara ba mata masu naƙuda wani ruwan dabam mai suna kulorofom. Mutane suka yi ta gardama, wasu suna cewa bai dace ba. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙe shi wajen haihuwar ɗanta na takwas, gardama ta fara lafawa.

Magungunan farko suna da aibi. Eta yana kama wuta kamar fetur, yana kuma sa amai sosai. Kulorofom yakan tsayar da zuciya ba zato, ya kuma ɓata hanta, shi ya sa aka daina amfani da shi. Masana ba su zauna ba. A 1951 wani masanin haɗa magunguna a Ingila, Charles Suckling, ya haɗa halotan, aka fara ba majinyata shi a birnin Mancesta a 1956. Halotan ba ya kama wuta, ƙamshinsa ba ya shaƙe maƙogwaro, kuma ba shi da tsada. Saboda haka ya daɗe yana aiki a gidajen likita na Afirka. Bayansa aka samo isofuluran. Sai sebofuluran, wanda aka fara amfani da shi a Japan a 1990, kuma Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa shi cikin jerin magunguna masu muhimmanci a 2023. Waɗannan biyu su ke maye gurbin halotan.

Mun jera sunayen nan ne don ku gane abu guda. Maganin da za a ba ɗanka ya shaƙa yau ba gwaji ake yi a kansa ba. Fiye da shekara 170 ke nan ana gyara wannan ilimi, ana zubar da abin da ya cuta, ana riƙe abin da ya fi sauƙi.

Mene ne shi, yaya yake aiki?

Da Faransanci ana kiran sa barcin nan anestezi. Maganin shaƙa ruwa ne garai a cikin kwalba. Da an buɗe shi sai ya riƙa tashi ya bi iska, kamar yadda turare ke tashi. Ana zuba shi cikin wata na'ura mai awo. Na'urar tana gauraya tururinsa da iskar oksijan, wato iskar da jini ke bukata. Tururin kaɗan ne, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na iskar da majinyaci ke shaƙa. Iskar tana bi ta tiyo ta iso ga wata roba mai laushi da ake kifawa a hanci da baki.

Daga huhu maganin yana shiga jini. Jini ya kai shi ƙwaƙwalwa. Can yake rage saƙonnin da jijiyoyi ke aika wa juna, har mutum ya daina ji, ya daina gani, ya daina sanin inda yake. Muddin ana ba shi tururin, barci yana ci gaba. Idan likita ya gama ɗinki, sai a rufe na'urar. Mafi yawan maganin ya fita ta hanyar da ya shigo, wato numfashi. Cikin ƴan mintoci majinyaci ya fara motsi.

Ku lura da wannan da kyau. Maganin shaƙa kamar fitilar kwano yake mai lagwani: a ɗaga, a rage, a kashe, duk a hannun mai kula. Babban mutum galibi allura ake fara yi masa a jijiya ya yi barci, sannan a riƙe barcin da tururi. Ƙaramin yaro mai tsoron allura kuwa, sau da yawa robar ake kifa masa ya shaƙa har barci ya kwashe shi. A manyan ayyuka ana zura wani tiyo cikin maƙoshi domin a taimaka wa numfashi.

Ba a barin mai barci shi kaɗai ko na minti ɗaya. Akwai ma'aikaci wanda aikinsa ke nan, dabam da mai fiɗa. Yana tsaye wajen kan majinyaci tun daga farko har ƙarshe. Yana duba numfashi, yana auna bugun zuciya da hawan jini, yana ƙara ruwa ko jini idan an bukata. A ƙasarmu mafi yawan masu wannan aiki ma'aikatan jinya ne da suka ƙara karatu na musamman a kansa. Hausawa sun ce barci ƙanen mutuwa. Wannan magana ce ta barcin ɗaka, inda babu mai tsaron numfashinka sai Allah. A ɗakin fiɗa akwai tsaron Allah, akwai kuma bawansa da ya koyi aikin yana ƙirga numfashinka.

Kuma ba kowane aiki ke bukatar barci ba. Akwai allurar da ake yi a gadon baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafafu na ƴan awoyi. Da ita ake yin mafi yawan aikin ciro jariri, wato sezariyan. Uwa tana farke, ba ta jin zafi, tana jin kukan ɗanta na farko. Da ita kuma, ko da allurar kashe wuri ɗaya, ake ɗinke gwaiwa da yawa idan an zo da wuri. Ɗalibinmu ya shekara biyar yana gudun barcin da watakila ba za a ma sa shi ba.

Masu tsoro suna da hujja?

Ba za mu ce ba su da ita ba. Wani zai ce: "Ni na san wadda aka shiga da ita ɗakin fiɗa, gawarta aka fito da ita." Gaskiya ne, hakan na faruwa. Maganin barci magani ne mai ƙarfi. Yana rage ƙarfin numfashi, yana sauke hawan jini. Halotan yakan rage bugun zuciya, kuma jefi-jefi yakan taɓa hantar babban mutum, musamman idan an maimaita shi kusa da kusa. Akwai kuma wasu zuri'a ƙalilan da maganin shaƙa ke tayar wa zazzaɓi mai tsanani, abin gado ne a jininsu. Haɗarin ya fi yawa inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Wanda ya ce maka babu haɗari ko kaɗan, ya ruɗe ka.

Amma mu tambayi kanmu: a wane hali aka kai waccan mata? Kwana nawa ta yi tana naƙuda a gida? Jini nawa ta zubar a kan hanya? Jikin da ya bushe don amai, ko ya rasa jini, ko ruɓa ta shiga cikinsa, shi ne ke kasa ɗaukar maganin barci. Mutumin da ya taka da ƙafarsa ya je, aka auna jininsa, aka sa masa rana, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Mu ke jira har cuta ta ci ƙarfin mutum. Sannan mu kai shi da tsakar dare. Idan ya rasu, sai mu koma ƙauye mu ce barcin likita ya kashe shi. Maƙwabci ya ji, shi ma ya ƙi zuwa da wuri. Haka tsoro ke haifar da jinkiri, jinkiri ya haifar da mutuwa, mutuwa ta ƙara tsoro.

Akwai kuma maganganun bakin kasuwa. Wai maganin barci yana rage kwana. Wai yana hana haihuwa. Wai yana zama cikin jiki har abada. Duk babu tushe. Maganin yana fita, kuma ba ya hana haihuwa ko rage ƙarfin namiji. Abin da ke faruwa da gaske bayan farkawa shi ne tashin zuciya, rawar sanyi, jiri, da kaushin maƙogwaro idan an sa tiyo. Waɗannan suna wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsoho yakan yi ƴan kwanaki hankalinsa a ruɗe, yana bukatar na gida kusa da shi. Wannan ba aljanu ba ne, kada a tayar da hankali.

Abin da ke kanmu

Rabin lafiyar mai barci tana hannun danginsa. Ga abubuwa bakwai da muke roƙon kowane aji ya karanta, ya kuma kwafe a littafinsa.

1. A je da wuri. Idan an ce gwaiwa tana bukatar aiki, a sa rana da rani, bayan an kai amfanin gona gida, domin mutum ya warke kafin shuka. Idan gwaiwa ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, a tafi a wannan sa'a. Mace mai naƙuda da ta wuni ko ta kwana ba ta haihu ba, ko jini ya ɓalle mata, kada a jira gari ya waye.

2. A bar ciki wayam. Ƙa'idar da aka sani ita ce: awa 6 babu abinci kafin aiki, awa 4 babu nonon uwa ga jariri, awa 2 babu ko ruwa. Idan likita ya faɗi wani lokaci dabam, a bi nasa. Fura, kunu, koko da madara duk abinci ne, ba ruwa ba ne. Ga dalili. Mai barcin magani ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya. Idan abin da ke ciki ya taso, sai ya gangara huhu ya shaƙe shi. Wata ɗalibarmu ta ba mu labarin yadda kakar yaronta ta ji tausayin kukansa da asuba, ta ba shi kunu a ɓoye. Allah ya taimaka, uwar ta ga alamar kunun a rigarsa, ta faɗa wa ma'aikaci. Aka ɗage aikin zuwa gobe. Kakar ta yi fushi, amma yaron yana nan yana kiwon awaki. Wanda ya ci, ya faɗa. Ɗage aiki ya fi ɗaukar gawa.

3. A faɗi gaskiya. Mai sa barci zai yi tambayoyi. A gaya masa idan akwai asma, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, ciwon zuciya, shawara, ko sikila. Mace ta faɗa idan tana zaton tana da ciki. A faɗi duk maganin da ake sha, har saiwa da jiƙo da na ƴan tebur. Mai shan taba, giya ko tiramol ya cire kunya ya faɗa, domin jikinsa ba ya karɓar magani kamar na kowa. Ma'aikaci ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya hana shi tona asirin majinyaci.

4. A tuna da dangi. Idan wani a gidanku ya taɓa rasuwa ko ya yi zazzaɓi mai tsanani cikin barcin fiɗa, a faɗa tun kafin a tambaya. Akwai wasu magungunan da za a zaɓa maimakon na shaƙa.

5. A faɗa idan yaro yana mura, tari ko zazzaɓi. A nuna haƙorin da ke girgiɗi. A cire haƙorin roba, a tofar da goro.

6. A tafi da masu ba da jini. Ƴan'uwa biyu ko uku masu lafiya sun fi ayarin masu gaisuwa amfani.

7. Bayan farkawa, kada a ɗura wa majinyaci ruwa ko fura sai ma'aikaci ya yarda. Idan yana amai a juya shi ta gefe. Wanda aka sallama ran nan kada ya tuƙa babur ko mota, kada ya je bakin rijiya, sai ya kwana ya wuni.

Kafin aiki za a miƙo takardar yarda. A nan karatunmu zai yi rana. Ka tambaya: wane aiki za a yi? Barci za a sa ni, ko allurar baya? Awa nawa zan bar abinci? Idan takardar da Faransanci take, ka ce a fassara maka. Haƙƙinka ne. Idan ka gane, ka ɗauki alƙalami ka rubuta sunanka da hannunka. Muna kuma roƙon magidanta: kada mace ta kwanta tana zubar da jini ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ko daga ci rani. Tun ciki yana ƙarami a yi shawara, a san wanda zai ba da izini, a san motar da za a kira. A 2005 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta ɗauke wa mata kuɗin aikin sezariyan a gidajen likita na hukuma. Amma doka ba ta ɗauko mace daga ɗaka. Dangi ke ɗauko ta.

Abin da ke kan hukuma

Ba za mu ɗora wa talaka laifi duka ba. Idan mun ce wa mutane su je, wajibi ne su tarar da abin da zai tsare ransu. Maganin shaƙa ba ya tafiya sai da oksijan. Na'urar da ke tace oksijan daga iska ba ta tafiya sai da lantarki. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a yatsa. Tana nuna yawan oksijan da ke cikin jini, tana ƙara idan ya ragu, tun kafin leɓe ya sauya launi. A 2008 OMS ta fito da jerin abubuwan da za a duba kafin kowace fiɗa, wannan na'ura tana ciki. Kuɗinta ba su kai na saniya ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar lafiya, da magadan gari, da kwamitocin kula da gidajen likita. Kada a tara komai a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kaɗai. Kowane ɗakin fiɗa na gunduma ya samu oksijan da ba ya yankewa, da lantarki na ko-ta-kwana, da na'urar yatsa, da mai sa barci fiye da ɗaya, domin mutum ɗaya ba ya tsayuwa dare da rana. Kuma tun da sababbin magunguna ke maye gurbin halotan, a sani kowane magani da irin na'urar awonsa. Kwalba ba tare da na'urarta ba, kamar iri ne babu gona. A sayi na'urorin, a koyar da ma'aikata, a tanadi mai gyara.

Muna kuma roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa yi wa mutane bayani da harshen da suke ji. Minti biyar na magana mai daɗi da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, yana kashe tsoron shekara biyar. Wanda aka daka wa tsawa a bakin ƙofa ba zai faɗi cewa ya sha jiƙo ba.

A ƙarshe

A kowane gari akwai wanda aka sa barci ya farka: tsohon da aka ɗinke wa gwaiwa ya koma noma, matar da aka ciro wa jariri tana goyonsa, yaron da aka gyara wa hanji yana zuwa makaranta. Su ba sa yawo suna ba da labari, shi ya sa labarin mamaci kaɗai ke zagaya gari. Muna roƙon malaman azuzuwa su gayyato irin waɗannan mutane a mako mai zuwa, su zauna gaban ɗalibai, a yi musu tambayoyi. Sannan kowane ɗalibi ya duba gidansu. Idan akwai wanda ya ninke takardar likita ya sa aljihu, ka karanta masa wannan shafi, ka raka shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.